Tambaya da Amsa: Mayar da Kaya da Karɓo Kuɗi a Cinikin Intanet

Wasiƙun da suka iso wannan fili a kan sayayya ta intanet sun yi yawa a 'yan makonnin nan, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi: an biya kuɗi, kaya ba su zo ba ko sun zo ba kamar yadda aka gani a hoto ba, sannan mai saye ya rasa ta inda zai ɓullo wa lamarin. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu aikowa da na shagunan da suke ƙorafi a kansu, tunda ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Dokokin da zan ambata na ƙasashe ne daban-daban, saboda haka kowa ya duba wadda ta shafe shi da kuma sharuɗɗan shagon da ya yi ciniki da shi.

Tambaya: Malam, na sayi riga a wani shagon intanet. Ta iso lafiya, kuma ita ce dai wadda na zaɓa, sai dai da na gwada ta ban ji ta kwanta mini a rai ba. Na nemi su karɓa su ba ni kuɗina, suka ƙi. Alhali ƙawata ta sayi takalmi a wurinsu, ya zo a yage, suka mayar mata da kuɗinta ba gardama. Wannan ba son kai ba ne?

Amsa: Malama, lamarinki da na ƙawarki ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan bambancin shi ne tushen duk wata magana a kan mayar da kaya. Ƙawarki an ba ta abu mai aibi, wato shagon ne ya kasa cika alƙawarin ciniki, kuma kusan babu ƙasar da dokarta ba ta tilasta wa mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi a irin wannan hali ba. Ke kuwa an ba ki abin da kika nema, ranki ne ya sauya daga baya. Malaman fiƙihu ma tun da daɗewa sun raba waɗannan biyun: mayar da kaya saboda aibi haƙƙi ne na mai saye, amma warware ciniki saboda nadama sai da yardar mai sayarwa, kuma kyautatawa ce idan ya yarda.

Sai dai cinikin intanet ya zo da nasa hukunci a wasu ƙasashe, domin masu tsara doka sun lura cewa wanda ya saya daga hoto cinikin biri a sama ya yi, bai taɓa kayan ba, bai gwada ba. Saboda haka Tarayyar Turai, a dokarta ta haƙƙin masu saye ta shekarar 2011 wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014, ta ba mai saye kwana 14 daga ranar da kaya suka shiga hannunsa ya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba. Idan shagon bai sanar da shi wannan haƙƙi ba, wa'adin yana ƙaruwa da wata 12. Birtaniya ma kwana 14 ta bayar. Sin ta ba da kwana 7 tun daga watan Maris na 2014, Barazil kuma kwana 7 a dokarta ta 1990. Amurka, duk da girman kasuwarta, ba ta da dokar tarayya da ta ba kowa damar fasa cinikin intanet don kawai ransa ya sauya. A can ƙa'idar shago ce ke aiki, kuma kwana 30 da Amazon ke bayarwa a kan yawancin kayansa zaɓin kamfanin ne domin jawo masu saye.

Abin da za ki fara yi shi ne ki buɗe shafin sharuɗɗan shagon ki karanta abin da suka rubuta a kan mayar da kaya, domin idan sun yi alƙawarin karɓar kaya cikin wasu kwanaki, wannan alƙawari ya zama wani ɓangare na cinikin, kuma kina da damar riƙe su da shi. Ki sani kuma ko a inda doka ta ba da damar fasawa, akwai kayan da aka keɓe: abin da aka ɗinka ko aka ƙera bisa awon mutum, abin da ke saurin lalacewa, kayan tsafta da na kwalliya da aka ɓalle hatiminsu, da manhaja ko fim da aka riga aka fara saukewa da yardar mai saye. Idan rigarki ta awo ce, to ko a Turai ba ki da hujja. Kuma a fasawar nadama, kuɗin mayar da kaya yawanci a wuyan mai saye yake.

Tambaya: Malam, na sayi agogo a wata babbar kasuwar intanet inda 'yan kasuwa daban-daban ke baje kolinsu. Shafin bin sawun kaya ya nuna wai an miƙa mini, alhali ban ga komai ba. Kullum na yi wa mai kayan magana sai ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya ce in ƙara jira mako guda. Yanzu an doshi wata biyu. In ci gaba da jira?

Amsa: A'a, Malam, kada ka ƙara jira ko da kwana ɗaya ne, kuma zan daɗe a kan wannan tambaya saboda ta nan ne mafi yawan mutane ke asarar kuɗinsu. Duk wata kariya da mai saye yake da ita a intanet tana da wa'adi, kuma wa'adin ba ya tsayawa don mai kaya ya ba ka haƙuri. Ba na cewa kowane mai ba da haƙuri macuci ne, wani da gaske yana bin sawun kayan. Amma sakamakon ɗaya ne, domin ranar da wa'adin ya cika, mai gaskiya da macuci duk sun kuɓuta, kai kuma ka rasa ƙofar shiga.

Ga misalin yadda wa'adin yake. A kasuwar intanet ta eBay kana da kwana 30 daga ranar da kaya suka iso, ko ranar da aka ƙiyasta za su iso, ka shigar da ƙorafi, kuma mai kaya yana da kwanakin aiki 3 ya amsa kafin ka nemi kamfanin ya shiga tsakani. A kasuwar AliExpress kwana 15 ne bayan kammala oda. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, yana ba da kwana 180 daga ranar biya a kan kayan da ba su iso ba, sai dai yana da wani tarko da mutane ba sa lura da shi: bayan ka buɗe ƙorafi, dole ne cikin kwana 20 ka ɗaukaka shi zuwa matakin da kamfanin zai yanke hukunci, in ba haka ba ƙorafin ya rufe da kansa. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka ka duba na kasuwar da ka yi ciniki a yau ɗin nan.

Shigar da ƙorafi ba ya nufin ka ɓata da mai kayan. Kana iya ci gaba da magana da shi cikin mutunci alhali ƙorafinka yana buɗe, idan kayan suka iso sai ka rufe. Amma ka yi maganar a cikin akwatin saƙo na kasuwar, domin shi ne masu yanke hukunci suka fi dubawa. Idan ya ce ku koma WhatsApp ko imel don a fi saurin warwarewa, ka ƙi, saboda duk alƙawarin da ya yi maka a can ba lallai ne a karɓe shi a matsayin hujja ba.

Batun cewa shafi ya nuna an miƙa maka kaya, wannan ba ƙarshen magana ba ne. Ka nemi kamfanin kai saƙo ya ba ka shaidar miƙawa: sa hannun wanda ya karɓa, hoton ƙofar da aka ajiye, adireshin da ke jikin ƙunshin, da nauyinsa. Wasu mazambata suna ba da lambar bin sawu ta gaskiya amma ta wani ƙunshi ce da aka aika wani gida a yanki ɗaya, wasu kuma su aiko ambulan babu komai a ciki. Takardar da ta nuna adireshin ba naka ba ne, ko nauyin bai kai na agogo ba, hujja ce mai ƙarfi da za ta iya ci maka shari'a. Ka kuma sani cewa a dokar Turai da ta Birtaniya, alhakin kaya yana wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannunka ko hannun wanda ka wakilta, don haka idan ya ce ka je ka yi rigima da kamfanin kai saƙo, amsarka ita ce shi ya ɗauke su aiki, shi zai bi su. A Amurka kuma ƙa'idar hukumar kasuwanci ta tarayya ta ce mai sayarwa ya aika kaya cikin lokacin da ya faɗa, ko cikin kwana 30 idan bai faɗa ba, in ya kasa ya nemi yardarka a kan jinkiri ko ya mayar maka da kuɗi.

Idan wa'adin kasuwar ya riga ya wuce, da sauran ƙofa ɗaya matuƙar da kati ka biya. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin da bankinka zai janyo kuɗin daga bankin mai sayarwa idan kaya ba su iso ba ko sun saɓa wa abin da aka bayyana. Wa'adinsa a yawancin lokuta kwana 120 ne, kuma bankin zai nemi shaidar cewa ka fara neman sulhu da mai kayan. Mai sayarwa yana da damar kare kansa da tasa hujjar, shi ya sa takardar kamfanin kai saƙo take da muhimmanci. Masu katin bashi suna da ƙarin kariya a wasu ƙasashe. A Birtaniya sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba da katin alhaki daidai da na mai sayarwa a kan kayan da farashinsu ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. A Amurka wata doka ta shekarar 1974 ta ba mai kati kwana 60 daga ranar da aka aiko masa bayanin asusu ya rubuta ƙorafi, bankin kuma ya warware cikin kwanakin da ba su wuce 90 ba. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka bi hanyar kasuwa da hanyar banki a lokaci guda, domin da yawa daga cikin kasuwannin suna rufe ƙorafinsu da zarar sun ga banki ya shigo.

Tambaya: Malam, na yi odar na'urar ɗinki ƙarama daga ƙasar waje, sai aka aiko mini wata daban wadda ba ta kai ta ba, kuma ba ta aiki sosai. Mai kayan ya ce zaɓi biyu gare ni: ko in mayar da ita da kuɗina, wanda ya kusan kai farashin na'urar, ko in karɓi kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin in rufe ƙorafina. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Hajiya, ba lallai ne ki zaɓi ko ɗaya ba, domin shi ya tsara zaɓin biyun yadda duk wanda kika ɗauka shi ke da riba. Ya san kuɗin aika kaya zuwa wata ƙasa zai sa ki karaya, sai ki ga ɗan abin da ya yi tayi ya fi babu. Amma ƙa'idar da ta fi yawa, a dokokin Turai da Birtaniya da kuma sharuɗɗan eBay, ita ce idan laifin na mai sayarwa ne, wato ya aiko abin da ba shi aka saya ba ko abu mai aibi, to shi zai ɗauki nauyin mayarwa. Ki rubuta wannan a cikin ƙorafinki, ki ce a shirye kike ki mayar da na'urar da zarar ya aiko takardar aikawa da aka riga aka biya, sannan ki nemi kasuwar ta yanke hukunci. Sau da yawa idan mai kaya ya lissafa abin da zai kashe, yakan gwammace ya mayar da kuɗi ya bar kayan.

Wajen zaɓar dalilin ƙorafi ki yi hattara. Manhajojin suna jero dalilai, kuma mai kaya yakan roƙi mutum ya zaɓi cewa ba ya son kayan ne kawai, wai don kada martabar shagonsa ta zube. Duk wanda ya yarda da wannan roƙo ya mayar da lamarinsa daga aibi zuwa nadama da hannunsa, kuma kuɗin aikawa ya dawo kansa. Ki zaɓi dalilin gaskiya, ki haɗa da hoton tallan kamar yadda yake ranar da kika saya, da hoton abin da ya iso, da hoton takardar da ke manne a jikin kwalin, da ɗan bidiyo mai nuna na'urar ba ta aiki. Ina ba kowa shawarar ya riƙa ɗaukar hoton shafin talla a ranar ciniki, saboda mai kaya yana iya sauya bayanin daga baya, haka kuma ya ɗauki bidiyo lokacin buɗe duk wani ƙunshi mai tsada, tun daga inda ake ganin ba a taɓa manne shi ba.

Karɓar wani ɓangare na kuɗi ba laifi ba ne idan abin yana da amfani a wurinki kuma rangwamen ya yi daidai da naƙasar. Kashi ɗaya cikin biyar a kan na'urar da ba ta aiki dai bai yi kama da adalci ba. Ko kin yarda da wani adadi, kada ki rufe ƙorafi sai kuɗin ya shiga, domin a yawancin kasuwanni ƙorafin da aka rufe ba ya sake buɗuwa. Idan kuma ta kama sai kin mayar, ki aika ta hanyar da ke da lambar bin sawu, zuwa adireshin da kasuwar ta nuna, ki ɗauki hoton kayan a cikin kwali kafin rufewa, ki adana rasit mai ɗauke da nauyi. Ba don komai ba sai don akwai masu cewa kwali ya iso musu babu komai a ciki.

Tambaya: Malam, shago ya aiko mini saƙo cewa an mayar da kuɗina, amma kwana shida ke nan ban ga komai a asusuna ba. Wani abokina kuma da nasa ya shigo, sai ya ga bai kai abin da ya biya ba. Shin yaudara ce?

Amsa: Da wuya ya zama yaudara, Malam. Kuɗin kati ba ya tashi daga shago ya faɗo asusunka kai tsaye. Yana bi ta bankin shagon, ya bi ta kamfanin kati, sannan ya iso bankinka, kuma a al'ada wannan kan ɗauki kwanakin aiki 5 zuwa 10, ban da ranakun hutu. Idan sun wuce, ka nemi shagon ya ba ka lambar shaidar mayarwa da ake kira ARN, mai alƙaluma 23, ka kai wa bankinka. Da ita za su gano inda kuɗin ya maƙale. Shagon da ya kasa ba da wannan lamba bayan ya ce ya biya da kati, shi ne abin zargi.

Akwai kuma wani yanayi da ke rikita mutane. Idan an soke oda tun kafin a aika kaya, sau da yawa ba a cire kuɗin ba tukuna, riƙe shi kawai aka yi. A nan ba za ka ga wani kuɗi ya shigo ba, sai dai ka ga layin cirewar ya ɓace daga bayanin asusunka kuma ragowar kuɗinka ta koma yadda take. Ka duba da kyau kafin ka ɗaga murya. Idan katin da ka biya da shi ya ƙare aiki an ba ka sabo, kuɗin yakan shiga asusun da katin ke jingine da shi.

Game da abokinka, dalilai uku ne suka fi yawa. Idan ya saya da kuɗin wata ƙasa, shagon zai mayar da adadin da ya karɓa, amma banki zai canza shi da farashin ranar mayarwa, kuma ladan canji da ya cira tun farko ba lallai ya dawo ba. Wannan giɓi ba laifin shago ba ne. Na biyu, harajin kwastam gwamnati aka biya, don haka sai dai a nema daga hukumar kwastam idan dokar ƙasar ta ba da dama. Na uku, wasu shaguna suna cire kuɗin kawo kaya ko ladan mayar da kaya rumbu. Wannan ya halatta ne kawai idan an rubuta shi a sharuɗɗa tun kafin ciniki kuma doka ba ta hana ba. A Turai, alal misali, wanda ya fasa ciniki cikin kwana 14 sai an mayar masa har da kuɗin kawowa na yau da kullum, ban da ƙarin da ya biya don gaggawa, kuma dole a biya shi cikin kwana 14, ko da yake shago na iya jinkirtawa har ya ga kayan ko shaidar an aiko su.

Tambaya: Malam, kayana sun zo a fashe, shagon ya amsa laifi, amma ya ce ba zai ba ni kuɗi ba sai dai ya zuba mini adadin a asusuna na cikin manhajarsu in sayi wani abu. Dole ne in karɓa?

Amsa: Malama, idan kaya masu aibi ne kuma doka ta ba ki haƙƙin karɓar kuɗi, ba a tilasta miki karɓar kuɗin cikin manhaja. Dokar Turai da ta Birtaniya sun ce a mayar ta hanyar da aka biya sai in mai saye ya yarda da wata. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya ƙi kaya masu aibi ya karɓi cikakken kuɗinsa, bayan nan sai a fara da gyara ko musanya. Inda shago ke da ikon cewa sai dai kuɗin manhaja shi ne inda alfarma yake yi miki, kamar karɓar kayan da kika daina so bayan wa'adi ya wuce. Kuɗin manhaja yakan zo da ranar ƙarewa, ba ya fita daga shagon, kuma idan shagon ya durƙushe ya tafi ke nan. Ki lura kuma kada ki danna amincewa bisa kuskure, domin wasu manhajoji shi suke sawa a matsayin zaɓin farko.

Tambaya: Malam, na ga talla a Instagram, na yi magana da mai kayan, na tura masa kuɗi kai tsaye daga asusuna zuwa nasa. Daga nan ya toshe ni. Akwai abin yi?

Amsa: Malam, ba zan ɓoye maka ba, wannan ita ce mafi wuya a cikin wasiƙun yau. Duk kariyar da na lissafa a sama ta ginu ne a kan samuwar wani na uku a tsakani, ko kasuwa mai riƙe kuɗi har kaya su iso, ko kamfanin kati mai ikon janyowa. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye ya cire wannan na ukun, kuma a idon banki shi ya ba da umarni da kansa. Haka abin yake ga wanda ya biya da kuɗin kirifto, ko katin kyauta, ko ya zaɓi tura wa 'yan uwa da abokai a PayPal, wanda kariyar mai saye ba ta shafe shi ba. Shi ya sa mazambata ke nacewa a kan waɗannan hanyoyi, har su yi rangwame ga wanda ya bi su.

Duk da haka kada ka zauna. Ka kira bankinka yanzu ta lambar da ke bayan katinka, ka ce zamba aka yi maka, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓi kuɗin domin a riƙe abin da ya rage, saboda irin waɗannan mutane cikin sa'o'i suke kwashewa. Ka adana hoton tallan, da sunan shafin, da hirarku, da rasit ɗin turawa, ka kai rahoto ga 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka, ka kuma kai ƙarar shafin ga Instagram domin a rufe shi. Samun kuɗin ba tabbas ba ne, amma rahoton da aka kai da wuri shi ne ke da ɗan fata, kuma yana taimakawa a toshe asusun kafin a cuci wani.

Tambaya: Malam, ƙawayena suna sayen kaya masu tsada su sa a taro ba tare da sun cire takardar farashi ba, washegari su mayar a ba su kuɗinsu. Sun ce tunda shago ya ba da dama babu laifi.

Amsa: 'Yata, damar da aka bayar ta dubawa ce da gwadawa kamar yadda mutum zai yi a cikin shago, ba ta aron kaya kyauta ba ce. Abin da suke yi ha'inci ne, ko da manhaja ba ta gane ba. Dokar Turai da ta ba da kwana 14 ita ce kuma ta ba shago damar rage kuɗi gwargwadon darajar da kaya suka rasa saboda amfani da ya wuce gwaji, kuma manyan shaguna suna lura da yawan mayarwar kowane asusu, suna rufe wanda ya yi yawa. Irin wannan hali yana daga cikin abin da ya sa wasu shaguna suka fara cajin kuɗin mayarwa a kan kowa.

Tambaya: Malam, bayan na rubuta ƙorafina a shafin sada zumunta na wani shago, wani ya kira ni ya ce daga sashen mayar da kuɗi yake. Ya ce in faɗa masa lambobin katina da lambar sirri da za ta shigo wayata, ko in sauke wata manhaja ya taimaka mini daga can. Na ce zan yi tunani.

Amsa: Hajiya, kin yi dabara da kika dakata. Wannan ɗan damfara ne da ya ga ƙorafinki a fili ya biyo ki. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, domin lambar da ke shigowa waya ta amincewa da fitar kuɗi ce, kuma shagon gaskiya yana mayarwa ta hanyar da kika biya ba tare da ya tambaye ki komai na katin ba. Manhajar da ya ce ki sauke kuwa irin wadda ke ba mutum ikon ganin fuskar wayarki da sarrafa ta daga nesa ce. Wata dabararsu kuma ita ce su ce sun turo miki fiye da kima bisa kuskure, su roƙe ki ki mayar da rarar, alhali babu abin da ya shigo.

Kada ki sake ɗaga kiransa, kuma ki goge lambar odarki da lambar wayarki daga inda kika rubuta su a fili. Ki koma cikin manhajar shagon ko shafinsa da kika rubuta adireshinsa da hannunki, ki shigar da ƙorafin a can, ki karɓi lambar ƙorafi ki adana. Idan kuwa a cikin hirar kin riga kin faɗi ko da wani ɓangare na lambobin katin, ki kira bankinki yau a toshe shi a ba ki sabo.